Jariri Ba Ya Barci Da Dare? A Fara Duba Barcinsa Na Bayan La'asar

A unguwanninmu na Kudu, daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Legas, zuwa Sabo ta Badun, Shagamu, Anacha da Fatakwal, akwai wata wahala da kusan kowane gida mai goyo ya sani. Ƙarfe sha ɗaya na dare ta wuce, kowa ya gaji tiɓis, amma yaro idonsa biyu tar kamar yanzu gari ya waye. A kwantar da shi ya miƙe, a ba shi nono ya saki ya hau wasa, a kashe fitila ya tsandara ihu. Maigida kuwa ƙarfe huɗu zai tashi don ya riski kara ko kasuwa kafin hanya ta cushe. Uwa ita ma da asuba aikinta zai ɗora daga inda ya tsaya.

A gida Arewa abin yakan zo da sauƙi, don akwai kaka, akwai gwaggo, akwai ƙannen miji da za su karɓi yaro uwa ta ɗan runtsa. A nan Kurmi fa? Galibi ɗaki ɗaya ne, daga miji sai mata sai yara, ga maƙwabcin da bango ɗaya ya raba ku, gobe da safe ya tare ka da ƙorafi. Daga nan ake fara jin "ke ba ki iya rarrashi ba", ita ma ta ce "kai ko sau ɗaya ba ka karɓe shi". Wasu har takan kai su zuwa kemis neman abin da zai sa yaro barci. To nan ne hatsarin yake.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, rigimar dare da rana ake ƙulla ta. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Idan aka gyara lokacin da yaro yake barcin rana, musamman na ƙarshe kafin magariba, sau da yawa daren da kansa yake daidaita, ba a kashe ko kwabo ba.

Abu biyu ne ke kawo barci

Na farko, yunwar barci. Barci kamar abinci yake. Tun daga lokacin da mutum ya farka wannan yunwar take taruwa masa kaɗan-kaɗan. Masana sun ce wani sinadari ne mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum yana farke, barci kuma shi ne yake share shi. Yanzu ki ba yaro kwanon shinkafa da wake ƙarfe biyar na yamma, sannan ƙarfe bakwai ki ajiye masa tuwo. Ba zai ci ba. Lafiyarsa lau, a ƙoshe yake. Haka yaron da ya kwashi barcin awa biyu daga la'asar zuwa magariba: ya ƙoshi da barci, sai wata yunwar ta sake taruwa, ita kuwa tana bukatar awoyi.

Na biyu, agogon jiki. Duk wanda ya tashi cikin dabbobi ya san saniya ba ta ɗaura agogo, amma in ka saba ba ta dusa a wani lokaci, lokacin yana yi za ka ji ta fara nema. Jikin ɗan Adam ma haka Allah ya yi shi, kuma babban abin da yake saita masa agogon shi ne haske da duhu. In duhu ya shiga, jiki yakan saki sinadarin melatonin, wanda yake sanar da shi cewa dare ya yi. Haske mai ƙarfi kuma yakan jinkirta fitowarsa. Jariri ba a haifarsa da wannan agogo a saite. Sai wajen wata biyu zuwa uku yake fara bambance dare da rana sosai. Shi ya sa jinjirin da ko arba'in bai yi ba za ki ga ya mai da dare rana, kuma ba laifin kowa ba ne.

Idan waɗannan biyun suka haɗu, yunwar barci ta taru kuma agogo ya ce dare ya yi, yaro cikin mintuna kaɗan yake ɓingirewa. Idan ɗaya ya zo babu ɗaya, sai a kwana jijjiga.

Lissafin awoyi

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da adadin barcin da ƙananan yara suke bukata cikin awa 24:

- Daga haihuwa zuwa wata 3: awa 14 zuwa 17
- Wata 4 zuwa wata 11: awa 12 zuwa 16
- Shekara 1 zuwa 2: awa 11 zuwa 14
- Shekara 3 zuwa 4: awa 10 zuwa 13

A lura, wannan lissafi ya haɗa na rana da na dare, duk a buhu ɗaya suke. Abin da aka ɗiba da rana, da dare za a ga giɓinsa. Mu ɗauka yaro ɗan wata tara, jikinsa awa 13 yake bukata. Idan ya yi awa biyar da rana, saura takwas ke nan. In ƙarfe bakwai na safe yake tashi, ki ƙirgo awa takwas baya, ƙarfe sha ɗaya na dare za ki samu. Kin ga ashe yaron ba fitina yake yi ba, lissafinsa daidai yake. Amma in aka tsayar da na rana a awa biyu da rabi zuwa uku, sai dare ya samu awa goma ko fiye, ya kwanta wajen ƙarfe takwas da rabi ko tara.

Kowane yaro da nasa ma'aunin. Wani yana can sama a awa 15, wani 12 ta ishe shi. Yaron da yake tashi da fara'a, yana wasa, yana cin abinci, yana ƙara nauyi, barcinsa ya ishe shi ko da bai kai na ɗan maƙwabciya ba.

Sau nawa ya kamata ya yi barcin rana

Wannan ba doka ba ce, kimantawa ce daga yadda yawancin yara suke:

- Ƙasa da wata 3: babu tsari. Ya sha nono duk lokacin da ya nema, ya yi barci duk lokacin da ya zo masa. Abin yi kawai shi ne da rana a buɗe taga a bar hayaniyar gida yadda take, da dare kuma a rage haske, a shayar da shi shiru ba wasa.
- Wata 4 zuwa 6: galibi sau uku, wani lokacin huɗu. Yakan iya zama a farke awa ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi kafin ya sake bukatar barci.
- Wata 6 zuwa 9: a nan ne yawanci suke sauka daga uku zuwa biyu, na hantsi da na azahar. Zaman farke yana kaiwa awa uku ko ɗan fiye.
- Shekara 1 zuwa shekara ɗaya da rabi: a wannan tsakanin ne na hantsi yake faɗuwa, ya rage guda ɗaya da tsakar rana.
- Shekara 3 zuwa 5: da yawansu suna daina barcin rana gaba ɗaya.

Yawancin rikicin dare yana tasowa ne a daidai waɗannan gaɓoɓin. Yaro ya girmi barci uku amma har yanzu ana sa shi na ukun, ko ya girmi biyu amma ana tura masa na biyun har yamma. Alamarta ita ce, yaron da a da yake kwanciya lafiya sai kwatsam ya fara ƙin barcin dare, ko ya ƙi barcin rana na ƙarshe, ko ya riƙa tashi tsakar dare yana wasa awa guda cur. Idan haka ta ɗore fiye da mako ɗaya kuma ba ciwo yake yi ba, to lokacin rage barcin rana ya yi.

Barcin bayan la'asar

Iyayenmu tun asali ba sa son a yi barci bayan la'asar, in magariba ta kawo jiki kuwa har tashin mai barci ake yi. Ga yaron da ya wuce wata shida zuwa takwas, wannan al'ada ta yi daidai da abin da masana barcin yara suke faɗa: tazara mafi tsawo ta zaman farke ita ce ya kamata ta zo kafin barcin dare.

Matsalar ita ce wannan lokacin ne uwa ta fi bukatar hannunta. Ga girkin dare, ga ɗibar ruwa, ga layin banɗaki da na murhu a gidan haya, ga manyan yara sun dawo daga Islamiyya. Sai ta saɓa shi a baya ta ɗaure, shi kuwa ɗumin baya da motsin aiki su lallaɓa shi, ya yi barci tun biyar har bakwai. A lokacin kam an ji daɗi, an gama girki lafiya. Sai dare ya yi a biya bashin.

To amma kada wata ta ji haka ta ce shi ke nan, daga yau an hana shi barcin rana gaba ɗaya don ya gaji ya kwanta da wuri. Wannan ma ɓata ce. Yaron da gajiya ta wuce masa misali jikinsa yakan saki sinadaran da suke ƙara masa kuzari, sai ki ga ya zama kamar an kunna shi, yana dariya yana kuka lokaci guda, yana banƙarewa, a ɗauke shi ihu a ajiye shi ihu. In ma ya samu ya yi barcin, farkawa yake ta yi. Ga yadda za a bambance su: wanda barcin rana ya yi masa yawa, da dare cikin nishaɗi yake, wasa yake nema. Wanda bai samu isasshe ba, cikin rigima yake, yana murza ido yana kuka. Na farkon a rage masa, na biyun a ƙara masa ko a kwantar da shi da wuri.

Yadda za a gyara, mataki-mataki

Mu kam Allah ya ba mu agogon da ba ya bukatar batir, wato kiran sallah. A Legas da Badun magariba tana faɗuwa ne tsakanin wajen shida da rabi zuwa bakwai da 'yan mintuna duk shekara, a Fatakwal da Anacha kuma ta ɗan riga haka. Tun da ba ta cika yin nisa da wurinta ba, ana iya ɗora tsarin yaro a kanta.

1. Ki yi kwana uku kina lura kawai. Ki rubuta a takarda ko a waya: ƙarfe nawa ya tashi, ƙarfe nawa ya yi barcin rana, ƙarfe nawa ya farka, ƙarfe nawa ya kwanta da dare. Har da gyangyaɗin da ya yi a baya ko a kan nono, don shi ma barci ne. Da yawa sai sun haɗa lissafin suke mamakin yawan awoyin da yaro yake kwasa da rana.

2. A tsayar da lokacin tashi da safe. Wannan shi ne turken da aka ɗaure sauran. Ko jiya sha biyu ya kwanta, yau a tashe shi tsakanin shida da rabi da bakwai. Da wuya, don uwa ma tana son ramuwa. Amma in aka bar shi har tara, barcin hantsi zai koma azahar, na azahar ya koma bayan la'asar, dare ya sake lalacewa. Yana tashi a fito da shi baranda ko tsakar gida ya ga hasken safiya, hasken ne yake saita masa agogo.

3. A sa wa barcin rana na ƙarshe iyaka. Ɗan wata huɗu zuwa shida yana iya yin ɗan gajere na uku, minti 30 zuwa 45, amma ya farka kafin biyar ko biyar da 'yan mintuna. Mai barci biyu ya kasance a farke lokacin da ake kiran la'asar, wajen ƙarfe huɗu. Mai barci ɗaya ya tashi wajen ƙarfe uku.

4. Kada a ji tsoron tashin yaro. Ba sai an girgiza shi ba. A ɗaga labule, a kwance goyon, a shafa masa ƙafa, a canza masa kunzugu, a yi masa magana a hankali. Zai ɗan yi magagi da ƙananan kuka na 'yan mintuna, ya wuce.

5. A matsa a hankali. Yaron da ya saba kwanciya sha ɗaya ba zai koma takwas a dare ɗaya ba. A riƙa jawo barcin rana na ƙarshe da na dare baya da kwata, wato minti 15, duk bayan kwana biyu ko uku. Sannu ba ta hana zuwa.

6. A riƙa lura da alamun barci: hamma, murza ido, jan kunne, ƙura wa wuri ɗaya ido, daina sha'awar wasa. Da an ga haka a kwantar da shi. In aka jira sai ya fara tsala kuka, an makara.

7. A yi masa al'adar kwanciya iri ɗaya kullum. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, shafa mai, kaya marasa nauyi, nono, addu'a a tofa masa, a rage haske. Minti 20 zuwa 30 sun isa. Bayan 'yan kwanaki, da ya ji ruwan wankan nan jikinsa ya san abin da ke biye.

Ga misali ga ɗan wata takwas: ya tashi shida da rabi. Barcin farko daga tara zuwa goma da rabi. Na biyu daga ɗaya da rabi ko biyu zuwa uku da rabi. Daga nan a farke har magariba, a yi wanka, ya kwanta tsakanin bakwai da rabi da takwas. Ɗan shekara ɗaya da rabi kuma: ya tashi bakwai, ya yi barci daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, ya kwanta bayan isha'i wajen takwas da rabi.

A ba tsarin mako ɗaya zuwa biyu kafin a yanke hukunci. Kwana ukun farko sukan fi wuya. Kuma a sani, yaron da bai kai shekara ba ya farka da dare ya sha nono ya koma, wannan ba matsala ba ce. Abin da ake gyarawa shi ne zaman dirshan na tsakar dare da ƙin kwanciya.

Abubuwan da suka shafi zaman Kudu

Girkin yamma. Tun da goyo ne yake sa shi barci a lokacin da ba a so, a nemi dabara. A shimfiɗa masa tabarma nesa da wuta inda zai riƙa ganin uwarsa, a ba shi murfin roba da ludayi ya buga. Ko yayarsa ta zauna da shi, ko maƙwabciya ta riƙe shi yau, gobe ke ma ki riƙe nata. Wasu matan sukan jawo aikin miya zuwa lokacin barcinsa na azahar, da yamma ya rage tuƙin tuwo kawai. In dole sai an goya, kuma barci ya sace shi, a bar shi minti 15 zuwa 20 a sauke shi.

Mota da cunkoso. Duk yaron da aka shiga danfo ko keke da shi ƙarfe biyar na yamma a cunkoson Legas, barci zai yi, babu makawa. In da hali, a tsara zuwa asibiti, kasuwa ko gidan suna ya dace da lokacin barcinsa, a dawo kafin la'asar. Ranar da hakan bai yiwu ba, a ɗan jinkirta kwanciyar dare da rabin awa, gobe da safe kuma a tashe shi a kan lokaci. Rana ɗaya ba ta rusa tsari.

Uwa mai sana'a. Mai sayar da abinci, fura ko awara, da wadda take barin yaro a wajen mai raino, duk suna iya bin wannan tsari. Yaro ya yi barcinsa a baya ko a tabarma a rumfa, babu laifi, lokacin ne abin lura. Sai dai a gaya wa mai rainon ƙarara: kada ya wuce ƙarfe kaza yana barci. Ita ta fi son ya yi ta barci don ta huta, ke ce za ki kwana zaune.

Wutar lantarki. Mun san halinta, sai goma na dare a kawo ta, nan da nan a kunna ƙwai, a kunna talabijin, kowa ya jona waya. Wannan hasken ya isa ya wartsakar da yaron da ya fara lumshe ido. A kashe makunnin ƙwan ɗaki tun kafin a kwanta, a bar fanka kawai. Ƙarar fanka ma taimako ce, tana danne hayaniyar waje. A rataya labule ko zani a raba gefen yaro da inda manya suke hira, a yi amfani da ƙaramar tocila. Waya kuwa ba abin rarrashin jariri ba ce. WHO ta ce yaron da bai kai shekara ɗaya ba kada a ajiye shi gaban allon waya ko talabijin sam.

Zafi da gumi. Zafin Kudu mai danshi ne, yaro yana kwance zufa tana tsatstsafo masa, ga ƙurajen zafi. A daina naɗe shi cikin tawul da hular ulu da safa don ana tsoron sanyi. Riga ɗaya ta auduga ta isa. Ki taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, in da gumi to kayan sun yi yawa.

Maigida. Wannan namu ne, 'yan'uwa maza. Mutum ya fita tun asuba, ya dawo goma na dare, yana marmarin ɗansa, sai ya ɗauke shi yana cilla shi sama yana yi masa cakulkuli. Daga nan shi ya juya ya hau minshari, ya bar uwa da yaron da ya wartsake. In ka dawo ka tarar ya yi barci, ka yi masa addu'a ka bar shi. Wasan a ajiye shi zuwa safiya ko ranar hutu. In kuma kana gida da magariba, karɓe shi ka zaga da shi ƙofar gida uwar ta gama girki, ka ga ka hana barcin yamman ke nan, ka kuma ga ɗanka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shayi da goro. Ganyen shayi, kofi, goro da lemon kwalba mai baƙi duk suna da kafeyin, sinadarin da yake kore barci. Kaɗan daga cikinsa yana bi ta nono, kuma jikin jariri yana daɗewa bai fitar da shi ba. Mai shayarwa ta rage su daga la'asar, kuma a daina ɗura wa yaro shayin manya a cokali.

Abin da ba za a yi ba ko da an gaji

Kada a ba yaro wani magani don ya yi barci. Maganin mura irin su Piriton, maganin tari, abin da ake kira maganin haƙori, jiƙon agbo da ake tallarsa a hanya, duk ba a san abin da za su yi wa ɗan ƙaramin jiki ba sai likita ya duba. Masu sa barci suna iya danne numfashin jariri. Mu tuna, tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 maganin haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan, saboda wani sinadari mai guba da ya shiga cikinsa ya lalata musu ƙoda. A 2018 kuma gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Barcin dare ɗaya bai kai ran yaro ba.

Wajen kwanciya, jaririn da bai kai shekara ba a kwantar da shi rigingine, da rana da dare, ba rub-da-ciki ba. Shimfiɗa ta zama mai ɗan tauri, babu matashi, babu tarin zannuwa kusa da fuskarsa. In gado ɗaya ake kwana, kada a sa shi tsakanin manyan yara, kada a kwana da shi a kan kujera, kuma wanda yake shan taba ko ya sha magani mai sa barci kada ya kwanta kusa da shi. In a baya yake barci, a riƙa dubawa hancinsa a buɗe yake, bai nutse cikin zani ba.

A sa shi cikin gidan sauro, har da barcin rana in ɗakin da duhu. Janareta kuma a waje, nesa da taga da ƙofa. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma mun sha jin labarin iyalai da suka kwanta ba su tashi ba saboda an ajiye shi a lungu ko baranda an rufe ƙofa.

Lokacin da za a tafi asibiti

Ba kowane rashin barci ne na tsari ba. A kai yaro asibiti ba tare da jira ba idan:

- bai kai wata uku ba kuma jikinsa ya yi zafi
- jinjiri ne yana ta barci, ana tashinsa da ƙyar, ya ƙi kama nono
- yana numfashi da sauri ko da ƙyar, ko numfashin yana tsayawa cikin barci
- yana kuka mai tsanani da ba ya rarrasuwa, ko yana amai da gudawa
- yana jan kunne da kuka tare da zazzaɓi
- ba ya ƙara nauyi idan an je awo

Zazzaɓin cizon sauro, ciwon kunne da yunwa duk suna hana yaro barci, kuma gyaran lokaci ba zai warkar da su ba. Ita ma uwa, in ta ga kullum cikin kuka take, ba ta jin daɗin komai, ko an karɓi yaron barci ba ya zuwa mata, ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ranar rigakafi. Ciwo ne da yake samun masu jego, kuma ana maganinsa.

Wanda duk zai gwada, ya fara da abu biyu kawai a wannan makon: a tashi yaro lokaci ɗaya kowace safiya, kuma kiran la'asar ya same shi a farke in ya wuce wata shida zuwa takwas. Sauran a biyo da su a hankali. Azumi zai zo, tafiya gida hutun Sallah za ta zo, haƙori zai fito, tsarin ya ɗan rikice. In an dawo sai a sake kama turken safiya, cikin 'yan kwanaki zai koma daidai.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba iyaye mata lada da juriya, ya sa mu ga amfanin zaman da muke yi a nan. Amin.